Ranar da Muryata Ta Tsinke a Colire

Unguwar Yelwa, Garwa.

Zuwa ga 'yata Maryama, autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a mota kika buɗe ta, ko a jirgin ƙasa bayan kun bar Gaundare, ko sai da kika sauka Yawunde kika huta. Allah Ya tsare hanya, Ya kiyaye direba, Ya haɗa ki da abokan tafiya na kirki. Babanki yana sa miki albarka, Goggonki Dije ma tana gaishe ki.

Na so in zaunar da ke in faɗa miki wannan magana da baki. Amma kin san yadda nake yanzu, in na ja magana da tsawo maƙogwarona yakan fara ƙaiƙayi. Kuma na san halina, da na kalli fuskarki zan gajarta, in ce ki kula da kanki kawai, in tashi. Shi ya sa na rubuta.

Za ki je ki koyi waƙa irin wadda ni ban sani ba, wadda ake karantawa daga takarda, mutum ya tsaya gaban jama'a ba lasifika, muryarsa kaɗai ta cika zauren. Ni zabiya ce, a tsakar gidajen biki na koyi tawa, wajen kakarki. Ba ni da abin da zan ƙara wa malamanki kan sana'arsu. Amma maƙogwaron da za ki yi aiki da shi irin nawa ne, kuma na san yadda ake ɓata shi, don na ɓata nawa da hannuna a shekarar korona. Ke a lokacin kina Marwa wajen Yayarki Binta a unguwar Domayo. An rufe makaranta, muka ce ki zauna can tukuna kada ki shiga mota da jama'a. Abin da na ga dama na gaya miki a waya, shi kika sani. Yau ga sauran.

Kafin wannan shekara ban taɓa tunanin muryata ba, yadda mai lafiya ba ya tunanin ƙafarsa in yana tafiya. Kin tashi kin ga ina fita biki kusan kowane mako, nan Garwa, Pitowa, Gider, wani lokaci har Marwa. Dije tana tsaye a damana, ita ce babbar 'yar amshina tun muna 'yan mata, sauran mata suna kan ƙwarya. In na buɗe baki murya ta fito, shi ke nan abin da na sani.

Sai aka hana taro. Aure dai ba a daina ɗaurawa ba, amma 'yan mutane kaɗan ne a zaure, a shafa fatiha, da yamma a kai amarya a mota ɗaya, ba kiɗa ba guɗa. Na ce to, Allah Ya kawo hutu. Na kife ƙoren a bayan gado, na yi watanni ko a ɗakin girki ban rera komai ba. Na gaya wa kaina cewa ina hutar da murya ne. Gaskiyar ita ce, in na buɗe baki sai in tuna ba wanda zai amsa mini, sai raina ya ɓaci in rufe. Na saba ina ba da baiti mata su karɓa. Waƙa ni kaɗai a ɗaki sai na ji ta kamar sallama a gidan da ba kowa.

Murya ba ta son a ajiye ta haka, Auta. Tana yin tauri kamar gwiwar da aka daɗe ba a miƙe ba. Ko da wata rana an sake rufe gari, ko kin yi hutu mai tsawo, ko ranki ne ba daɗi, ki taɓa muryarki kowace rana. Kaɗan, a hankali, ko kina wanke-wanke. Ba don wani ya ji ba.

Azumi ya same mu cikin zafin nan na Garwa da kika sani, wanda ko bango ba a jingina da shi. Wuni guda ina kwance gaban fanka, baki a bushe. Da an kira magariba sai ruwan ƙanƙara, sai ƙosai, sai balangun da Babanki yake kawowa daga mahauta, in barbaɗa masa yaji son raina. Da can in na ci irin wannan, fita nake yi, jiki ya motsa. Yanzu kuwa ba inda za ni, ina gama ci sai tabarma. Ƙwarnafi ya riƙa taso mini har wuya, da safe in tashi murya a dishe, sai hantsi take washewa. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Daga baya ne likita ta gaya mini abin da yake tasowa daga ciki yana ƙona wurin da murya take fita. Ke ma 'yar mahauci ce, na san hannunki a kan yaji. Ki rage, kuma in kin ci abinci ki zauna ya sauka kafin ki kwanta. Ruwa kuwa ki sha shi tun kafin ƙishi ya tambaye ki.

Bayan salla wata Hajiya Asabe, matar wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ta kira ni a waya.

Ta ce, "Hajiya Ladi, taimako nake nema. Jibi za a kai 'yata ɗakinta, ga shi ba biki. Yarinyar nan kuka take yi, wai za a kai ta shiru kamar an sato ta. Ki yi mata waƙa a waya ki turo, ko a mota a kunna mata."

Na ce, "Ni kaɗai? Ba 'yan amshi, ba ƙwarya?"

Ta ce, "Muryarki ta isa."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na rufe ɗaki, na kashe fanka saboda ƙararta, na riƙe waya na fara. Watanni ban yi waƙa ba, amma kai tsaye na ɗauko ta daga sama, da ƙarfin da nake cika tsakar gida da shi, alhali waya tana nan dab da bakina. Moto, wato babur, ya wuce a layi, na sake. Zakaran maƙwabta ya yi cara, na sake. Na tura. Bayan an kai ta ɗakinta, Hajiya Asabe ta ce amarya ta yi ta maimaita ta har gidan miji. Daga nan labari ya bazu. Wannan ta kira don suna, waccan don aure, wata daga Mokolo ma da ban taɓa ganinta ba. Na koma aiki, sai dai a ɗaki, cikin gumi, da ƙofa a rufe.

Ga abin da ban lura da shi ba. A gidan biki in na ba da baiti su Dije suka karɓa, a ɗan tsakanin nan nake shaƙar numfashi in haɗiye miyau. Shekara da shekaru rabin waƙata hutu ne, ban sani ba. A waya kuwa ni ce mai bayarwa, ni ce mai amshi, daga farko har ƙarshe, sannan in maimaita sau ba adadi. Aikin mata da yawa na ɗora wa maƙogwaro ɗaya.

Ku ma za a riƙa sa ku ɗaukar murya a waya ko a na'ura ku tura wa malamai. Ki fara ɗumama murya kafin ki danna komai. Kada ki yi wa waya ihu, tana jin ki. In kin maimaita abu 'yan lokuta bai yi ba, ki bar shi sai gobe. Wanda za ki yi cikin gajiya ba zai fi na farko ba.

Ana cikin haka Dije ta kira ni wata rana da la'asar. Tun da aka rufe gari ba mu haɗu ba, gaisuwar waya ce kawai jefi-jefi.

Ta ce, "Ladi, an turo mini waƙar da kika yi wa masu suna a unguwar Lopere."

Na ce, "Yaya kika ji ta?"

Ta ce, "Waƙa ta yi. Amma muryar ba taki ba ce. Akwai yashi a cikinta."

Na ce, "Waya ce take sa haka."

Ta ce, "Tun yaushe nake tsaye a damanki? Na san muryarki da waya da ba waya. In kin hau sama ina jin kina turawa. Ki huta, ki bari a duba ki."

Sai na ce mata, "Ko dai don ban kira ku cikin aikin ba ne?"

Ta ce, "Allah Ya ba ki lafiya, Ladi." Ta ajiye waya. Daga ranar ba ta sake kira ba, ni ma ban kira ba.

Mutum ba ya jin muryarsa yadda take, Auta. Abin da kike ji a cikin kanki daban, abin da yake isa kunnen mutane daban. Masu yabo za ki same su ko'ina, musamman in suna da abin da suke so ki yi musu. Ki nemi mutum ɗaya a cikin abokan karatunki ko malamanki wanda kunnensa ya san muryarki tana lafiya, ki ba shi izinin ya gaya miki ranar da ta canza. In ya faɗa ranki zai ɓaci. Ki bari ɓacin ran ya wuce kafin ki ba shi amsa.

Da damina ta kankama, Babanki ya dawo daga kasuwa da zazzaɓi. Ya kwanta, ya tashi, sai ni. Ko korona ce ko ba ita ba, har yau ban sani ba, don ba mu je an gwada ba. Tsoro muka ji, kada a riƙe mu a lopital, wato asibiti, kada kuma maƙwabta su daina sayen nama a teburinsa. Zazzaɓin ya tafi, tari ya zauna. Busasshen tari, mai girgiza ƙirji. A lokacin ne in kin kira nake ce miki ina cikin girki, in miƙa wa Babanki waya.

Ba abin da ban sha ba. Citta, kanumfari, zuma da lemon tsami, man shanu mai ɗumi. Ban ce ba su da amfani ba, suna sanyaya wuya. Amma ni ba don in warke nake sha ba, don zafin ya lafa ne in samu in yi wa wata waƙar da na yi mata alkawari. Sauran wuni kuma sai in riƙa magana cikin raɗa, wai ina tattalin murya, ina ta gyaran murya kamar mai shirin yin wa'azi. Ashe raɗa da yawan gyaran muryar nan gurzar wurin suke yi, sun fi magana a hankali wahalar da shi.

In kina tari ko mura ta sauka miki a wuya, ba a waƙa. Ko wane ne ya roƙa, ko wace irin dama ce. Za ki ji tsoron kada a ba wata wurinki. A ba ta. Dishewa kuma in ta wuce 'yan makonni ba ta tafi ba, ba ta shayi ba ce, ta likita ce. Ki je da ƙafarki.

Da aka sassauta, taro ya fara dawowa, wani abokin Babanki mai fataucin shanu a Colire ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa, kuma matarsa ta ce ba wadda za ta yi waƙar wuni sai ni. Na san muryata ba daidai take ba. Da safe in na gwada, ƙasa tana fita, sama kuwa sai na matsa. Amma na yi marmarin tsakar gida cike da mata har ba na iya tunanin komai. Na aika wa Dije cewa akwai aiki. Na ɗauka za ta ce ba ta da lafiya. Ranar tafiya sai ga ta a tasha da ƙwaryarta a ɗaure cikin zani. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Hanyar Colire kin san ta, doguwa ce, ga gargada. Gilasan mota a buɗe, inji yana ƙara, mu kuma mata mun daɗe ba mu haɗu ba. Hira muka yi ta yi da ƙarfi don mu ji juna, ni ce kan gaba. Dije kaɗai ta ja mayafi ta rufe bakinta ta jingina da taga. Kafin mu isa na riga na kashe rabin abin da ya rage mini, ban rera ko baiti ɗaya ba. Ki riƙe wannan: surutu cikin hayaniya, a mota, a wurin cin abinci, a gefen titi, yana cin murya fiye da waƙar kanta. Ranar da za ki hau dandali, ki yi rowar magana tun safe.

Bayan azahar muka shiga gidan bikin. Ban taɓa ganin mata suna ƙishirwar biki irin na ranar ba. Hausawa da Fulani, tsofaffi da yara, har kan katanga. Lasifikar da aka kawo tana ta kuka, aka kashe ta, aka ce ai Hajiya Ladi ba ta bukata. Na yi murmushi na ce haka ne.

Waƙar farko ta tafi lafiya. Ta biyu na ji wuyana yana zafi, na ƙara ƙarfi. Sai aka fito da amarya, na ɗauko waƙar rakiya, wadda kakarki ta koya mini, mai hawan nan a tsakiya inda ake kiran sunan uwar amarya a ja shi sama a riƙe. Nan ne mata suke jira, nan ne uwa take fashewa da kuka. Na cika ƙirji, na buɗe baki, na hau. Rabin sunan ya fita. Sauran iska ce kawai. Na sake turawa, ba komai, kamar an ɗauke wuta.

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye baki buɗe ba, a gaskiya bai fi ƙiftawar ido ba. Sai na ji sunan ya ci gaba daga damana. Dije ce ta ɗauke shi daidai inda ya faɗi, ta kai shi sama, ta riƙe, ta sauko da shi. Ta matso gaba da taki ɗaya, ta sa ni a bayan kafaɗarta, ta ci gaba da bayarwa, sauran suna amsa mata. Ni kuma na karɓi ƙwarya daga hannun wata na zauna ina kaɗawa. Uwar amarya ta yi kukanta, aka yi guɗa. Da yawa sun ɗauka sabon salo ne muka zo da shi.

Da muka keɓe a ɗakin da aka sauke mu, na kama hannun Dije ina ƙoƙarin magana.

Ta ce, "Kada ki ce komai. Ko godiya ba na son ji. Rufe bakinki har Garwa."

Ta miƙo mini ruwa. Uwar amarya ta shigo tana ta godiya da Fillanci, "useko, useko," Dije ce ta amsa mata, ta ce gajiyar hanya ce ta kama Hajiya.

Babanki ne ya goya ni a moto ya kai ni lopital. Likitar maƙogwaro wata mata ce 'yar kudu, Faransanci take yi, wata nas tana mayar mana da Fillanci. Ta sa wani siririn abu mai fitila ta leƙa, sannan ta juyo da allon ta nuna mana. Wasu 'yan zare biyu ne farare, ƙanana ƙwarai. Na yi mamaki, wai a kan waɗannan na rayu duk shekarun nan. A gefen kowanne akwai ɗan kumburi. Ta ce kamar kantar da take fitowa a hannun mai daka ce, wurin da aka yi ta gurza ba hutu, kuma ɗaya ya ɗan yi jini. Ta ce in yi shiru gaba ɗaya na wani lokaci, ba raɗa, ba gyaran murya, daga baya a fara magana kaɗan-kaɗan.

Na taɓa Babanki na nuna masa bakina, ya gane. Ya ce wa nas, "Tana tambaya ko za ta sake waƙa."

Likitar ta dube ni, ba shi ba. Ta ce, "Za ki yi, in kin bi abin da na ce. Irin ta da ce ba zan yi miki alkawari ba."

Makonnin shirun nan su ne mafi nauyi. Kin san Babanki, mutum ne da in ya ce "to" ya gama jawabi, ni ce mai cika gida. Da na yi shiru sai gidan ya zama kamar an yi ƙaura. Ana nan sai ya fara wani abu da bai taɓa yi ba. In ya dawo bayan la'asar, sai ya jawo kujera kusa da tabarmata ya riƙa ba ni labarin kasuwa. Wane ya kawo bijimi daga Adumri ya ƙi sauka daga mota, wane sun yi cacar baki da wane kan wuƙa. Bai iya ba da labari ba, yakan fara daga ƙarshe ya dawo farko. Amma kullum sai ya zauna ya yi. Ya kuma ce a daina sa yaji a tukunyar gidan gaba ɗaya, har nasa.

Wata rana ya same ni ina hawaye. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Sannan ya ce, "Hajiya, ni tun kafin Garwa ta san muryarki na san ki. In ta dawo, alhamdu lillahi. In ba ta dawo ba, muna nan dai."

Duk wanda za ki zauna da shi nan gaba, ƙawa ce ko miji, ki duba ko zai iya zama da ke ranar da ba ki da murya.

Sauran kin gani da idonki, don a lokacin kika dawo daga Marwa. Kina fita bayan ɗaki da safe kina kaɗa leɓɓa kamar moto ya ƙi tashi, kina hawa kina sauka da "mmm" ɗin da Madam ɗinku ta waƙa ta koya muku. Da can dariya nake yi miki, in ce waƙar Turawa sai an yi kukan kurciya tukuna. Ranar da likita ta ce in fara motsa murya, ta kwatanta mini abin da zan riƙa yi, sai na ga ai naki ne sak. Ke kika kawo kofi da ruwa da bututun shan lemo, kika ce, "Inna, ki hura a hankali, kina yin sauti. Kada ki tura." Muka zauna bakin ƙofa muna tayar da kumfa kamar yara, Babanki yana wucewa yana kau da kai don kada mu ga yana dariya. Ban taɓa gaya miki ba, ranar na ji kunya ƙwarai, ni da na yi suna a gari ina koyon buɗe baki wajen autata. Kunyar ta wuce, amfanin ya zauna. Can ma za ki haɗu da wanda bai kai ki shekaru ko baiwa ba amma ya san abin da ba ki sani ba. Ki zauna ki koya.

Muryata ta dawo, kamar yadda kika sani, amma ta sauko ƙasa ta zauna. Saman ya tafi. Yanzu in mun je biki ni nake ɗauko waƙa, in an zo hawa Dije ta karɓa. Wasu sun ce haka ya fi daɗi. Wasu kuma sun daina kiranmu, sun koma wajen yara masu sabuwar murya, ban ga laifinsu ba. Ina waƙa biyu in zauna in sha ruwa, ko uwar biki ta ɓata fuska. In lasifika ta lalace, sai a gyara ko a jira.

Ba korona ce ta karɓe mini saman muryata ba. Ita dai ta rufe ni a ɗaki ni kaɗai, sauran ni na yi. A kowane mataki akwai inda jikina ya ce in tsaya, ko wani ya ce in tsaya, na wuce. Ke ma ɗaki za ki shiga ke kaɗai a garin da ba ki san kowa ba, ga sanyi da ruwan sama da ba ki saba da su ba, ga son ki nuna musu cewa 'yar arewa ma ta iya. Wannan son shi nake jin tsoro, don nawa ne kika gado. In kaɗaici ya dame ki, kada ki huce a kan muryarki. Ki fita ki nemi 'yan'uwanki masu waƙa ku zauna, ko ba za ku rera komai ba. Ki kira Yayarki. Ki kira Goggonki Dije, ta fi ni iya sauraro.

Yau da safe, da kika fita sallamar maƙwabta, ina ninke miki kaya ni kaɗai a ɗaki, sai na ji waƙar rakiyar nan ta zo mini baki. Na bi ta a hankali, ina sa sunanki a inda ake sa na amarya, ko da yake ba gidan miji za ki ba. Da na iso wurin hawan, inda ake kiran sunan uwa, na ji muryata ta kai iyakarta. Na san da na matsa kaɗan wataƙila rabi ya fita. Ba kowa a gidan, ba wanda zai hana ni. Sai na tsaya. Na ɗauki kofi na sha ruwa, na ci gaba da ninke zannuwanki. Ban ji baƙin ciki ba. Na kai shekarun nan kafin in iya wannan tsayawar, ke ina so ki sauka Yawunde da ita.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya. Ya tsare miki imaninki da mutuncinki da lafiyarki, Ya sa malamanki su ji tausayinki, Ya raba ki da sharrin hanya da na gari. Ki riƙe salla a kan lokaci. In kin sauka ki turo saƙo a rubuce ya isa, ba sai kin kira ba, na san za ki gaji. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Innarki,
Ladi